Lafiya Uwar Jiki: Ɓarɓashin Kwalba a Cikin Allurar Jariri

A unguwar Gangaren Tudu ta birnin Keffi, kamar sauran garuruwan Arewa, in aka ce jariri yana kwalba kowa ya san abin da ake nufi. Bakwaini ne, ko kuwa wanda aka haifa da wahala, an sa shi cikin akwatin gilashin nan mai ɗumi a asibiti ana jiran ikon Allah. Wannan kwalba kowa yana ganin girmanta. Amma akwai wata 'yar kwalba wadda tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, wadda jarirai masu yawa ke gamuwa da ita tun ranar haihuwa, ba kuwa mai kula da ita sai wanda ya riƙe ta a hannu. Ita ce kwalbar ruwan allura mai tsukakken wuya, wadda malaman asibiti ke kira ampul.

Ita wannan kwalba ba ta da murfi. A ma'aikata ake zuba mata magani, sa'an nan a narkar da bakinta da wuta a liƙe shi, ta zama gilashi guda tun daga gindi har ka. Wani mai harhaɗa magunguna na ƙasar Faransa, Stanislas Limousin, shi ya ƙago ta cikin shekarar 1886, kuma dabara ce mai kyau ƙwarai, domin iska ba ta shiga, ƙwayoyin cuta ba su shiga, magani kuwa yana iya yin shekaru a ciki bai lalace ba. Aibinta guda ne: ba a buɗe ta sai an karya ta. Duk macen da ta taɓa fasa tambulan a tsakar ɗaki kuwa ta san gilashi ba ya fashewa biyu cif ya tsaya. Bayan an kwashe manyan gutsattsari, an share, an sake sharewa, sai kwana uku ya wuce yaro ya taka wani abin da tsintsiya ba ta gani ba.

Haka abin yake sa'ad da ungozoma ta karya wuyan ampul. Ɓarɓashi yakan yi tsalle, wani ya faɗi waje, wani ya faɗa cikin ruwan maganin. Manyan ana iya hango su in an ɗaga kwalbar a haske. Ƙananan kuwa sai da madubin likita, kuma da wani ma'auni ake auna su wanda ake kira maikiron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin kan mutum wajen maikiron 70 ne, idon mutum kuwa da ƙyar yake ganin abin da ya gaza 50. Ramin tsinken allura mai koren gindi, wanda aka fi zuƙo magani da shi, faɗinsa ya kai kusan rabin milimita, watau maikiron 500. Ke nan ga ɓarɓashin da ido ba ya gani, ramin tsinken nan ƙofar gari ce a buɗe.

Ba yau likitoci suka san wannan ba. Cikin shekarar 1964 waɗansu masu bincike biyu a ƙasar Ostireliya, Garvan da Gunner, suka nuna cewa ƙananan tarkacen da ke cikin ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya suna maƙalewa a huhu, jiki kuma ya kewaye su da ƙullutu. Cikin 1972 Turco da Davis, masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Temple a birnin Filadelfiya ta Amurka, suka buga bayani a kan ɓarɓashin gilashi musamman, wanda suka samu cikin magungunan da aka zuƙo daga ampul. Tun daga nan an sha maimaita gwajin a ƙasashe dabam-dabam, abin da aka fi samu kuwa shi ne babbar kwalba ta fi ƙarama zubar da ɓarɓashi, wadda sai an goga mata magagari kafin ta karye ta fi wadda aka yi wa tsaga tun daga ma'aikata, tsinke mai faɗin rami kuma ya fi siriri kwasowa.

To, me ya sa maganar ta fi nauyi a kan jariri? Dalili na farko ƙanƙanta ce. Jinin jariri sabon haihuwa wajen mililita 85 ne a kowane kilo na nauyinsa, saboda haka jariri mai kilo 3 duk jinin jikinsa kimanin mililita 250 ne, bai cika kwalbar lemo ɗaya ba. Abin da aka zuba a jijiya yakan bi jini ya isa zuciya, daga nan ya wuce huhu, inda hanyoyin jini suke sirancewa har faɗinsu bai wuce maikiron 5 zuwa 10 ba, jajayen ƙwayoyin jini ma ɗai-ɗai suke wucewa. Duk tarkacen da ya fi wannan girma nan zai tsaya. Gilashi kuwa ba ya narkewa, jiki ba ya iya cinye shi, iyakar abin da zai yi ya gina masa ƙullutu ya rufe shi.

Dalili na biyu ya fi wannan ban mamaki. Ɗan da ke ciki ba ya numfashi da huhunsa, saboda haka Allah ya yi masa hanyoyi biyu na ratse da jini ke bi ya kauce wa huhu: wata 'yar kafa tsakanin ɗakunan sama biyu na zuciya, da wata gajeriyar jijiya wadda ta haɗa babbar hanyar huhu da babbar hanyar jiki. Bayan haihuwa sukan rufe, amma ba nan take ba, a jikin bakwaini kuwa ta biyun tana iya yin makonni a buɗe. Ga babban mutum huhu shi ne rariyar da ke tare tarkace kafin ya kai sauran gaɓoɓi. Ga jaririn kwana biyu rariyar nan tana da ɓula, abin da ya shiga jijiya yana iya kauce mata ya nufi ƙoda ko hanji ko ƙwaƙwalwa. A ƙara da cewa jaririn da aka kwantar a ɗakin masu tsananin ciwo ba allura ɗaya ake yi masa ba. Maganin ƙwayoyin cuta safe da yamma, maganin jijjiga, maganin da ke tuna wa bakwaini numfashi, ruwan wanke kanula bayan kowace allura, haka har mako biyu ko uku.

Cikin 1992 likitocin yara a birnin Birmingham ta Ingila, Puntis da abokan aikinsa, suka ba da rahoton wani yaro ɗan wata goma sha biyu wanda ya daɗe ana ciyar da shi ta jijiya, ya rasu da ƙullutai cikin hanyoyin jinin huhunsa. Da suka koma kan bayanan binciken gawa na jarirai 41 da aka ciyar ta jijiya, sai suka tarar biyu suna da irin wannan ƙullutu, alhali cikin jarirai 32 da suka mutu farat ɗaya a gida ba a samu ko ɗaya ba. Suka kuma ƙidaya tarkacen da ke cikin abincin jijiya na yini guda na jariri mai kilo 3, suka samu kimanin 37,000.

A nan wajibi ne a faɗi gaskiya yadda take, domin tsoratarwa ba ilimi ba ce. Tarkacen da aka ƙidaya a Birmingham ba gilashi ne kaɗai ba, mafi yawansa ma daga ruwan mai da ake ciyar da jariran ya fito. Allurar tsoka kuma, irin wadda ake yi a cinya, haɗarinta bai kai na allurar jijiya ba, domin abin da ya shiga tsoka galibi nan yake zama. Sa'an nan su kansu masana ba su gama daidaita baki a kan girman ɓarnar ba. A birnin Hanoba ta Jamus an gwada yara 807 masu tsananin ciwo, rabi aka sa wa robar ƙarin ruwansu rariya, rabi ba a sa ba, rahoton da ya fito cikin 2012 kuwa ya nuna manyan matsaloli sun sauko daga kashi 41 cikin ɗari zuwa kashi 31. Amma ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace gwaje-gwajen likitoci, ta duba gwaji huɗu da suka ƙunshi jarirai 704, ta ce cikin 2015 hujjar ba ta isa a tabbatar cewa rariyar robar ƙarin ruwa tana rage mutuwar jarirai ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne gilashin yana shiga sirinji, kuma ba shi da wani amfani a jikin ɗan Adam. Tun da hanyar hana shi mai araha ce, ba hikima ba ce a zauna jiran ranar da za a ƙidaya gawawwaki kafin a gyara hannu. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Mai karatu yana iya cewa wannan zancen manyan asibitoci ne, irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, inda ake kai jariran da ciwonsu ya yi tsanani, me ya haɗa shi da ƙaramin asibitin unguwa? Da can maganar tana da ƙamshin gaskiya, yanzu kuwa ta canja. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ba su cika wata guda ba, kuma cutar da ƙwayoyi ke sa wa jini tana cikin manyan dalilai. Iyaye da yawa in aka ce su kai jariri babban asibiti ba su iya zuwa, ko don kuɗi, ko don nisa, ko don mai jego ba ta fita. Saboda haka aka yi wani babban gwaji a Zariya da Ibadan da Ile-Ife, da ƙasar Kenya da Kwango, aka ga cewa in ba yadda za a yi a kwantar da jariri, ana iya yi masa allurar jentamaisin a cinya sau ɗaya a yini a ƙaramin asibiti, uwa kuma ta riƙa ba shi amoksisilin a gida. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan ya zama shawararta, Nijeriya kuma ta karɓa. Tsari ne mai ceton rai. Amma ma'anarsa ita ce karya ampul domin jaririn kwana biyar ya tashi daga aikin ƙwararrun ɗakin jarirai kaɗai, ya zama aikin malamin lafiya na gunduma, wani lokaci shi kaɗai a bakin aiki, da dare, ba wuta, yana haskawa da fitilar wayar hannu.

Yadda ake yin aikin ba shi da wuya, natsuwa yake so. Bayan wanke hannu da karanta sunan magani da ranar ƙarewarsa, sai a tsai da kwalbar a ɗan ƙwanƙwasa kanta da yatsa har ruwan da ya maƙale sama ya sauko. A goge wuyan da sifirit, a bar shi ya bushe. Wannan gogewar tana kashe ƙwayoyin cutar da ke bayan kwalba, waɗanda ɓarɓashin da ya faɗa ciki kan tafi da su. Kwalaben zamani da yawa suna da ɗigon fenti a saman wuya, ƙarƙashin ɗigon nan ne aka yi tsagar. A juyo ɗigon ya fuskanci mai karyawa, a naɗe kan da ƙyallen bandeji mai tsabta, a tura shi baya gaba ɗaya, ba a murɗa ba. Wanda ya karya ta gefen da ba tsaga yakan murƙushe wuyan, ya yanke yatsa, ya cika maganin da gilashi. Abin da ya fi wannan muni shi ne al'adar da waɗansu suka ɗauka ta burga, su ɗauki almakashi ko gindin wata kwalba su sare kan ampul da bugu ɗaya. Mai kallo yana ganin gwaninta, a gaskiya kuwa ba hanyar da ta fi wannan watsa ɓarɓashi. Kwalbar da wuyanta ya farfashe, ko aka hangi wani abu yana yawo a ciki, zubarwa ake yi, kome tsadar maganin. Littafin ƙa'idojin allura na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 ya ce a zaɓi kwalbar da ke karyewa da hannu a kan wadda sai da magagari.

Wajen zuƙowa ne babbar kariya take. Akwai tsinke na musamman mai 'yar rariya a gindinsa wadda ba ta barin abin da ya wuce maikiron 5 ya shige, kuma ƙa'idojin harhaɗa magunguna na Amurka sun daɗe da neman a yi amfani da shi ga duk abin da aka zuƙo daga ampul. Sharaɗinsa guda ne, kuma wanda ya manta da shi gara ma bai taɓa shi ba: hanya ɗaya yake aiki. Da shi ake zuƙowa, sa'an nan a cire shi a jefar, a sa sabon tsinke kafin a soka wa jariri. In aka tura magani ta cikin tsinken da aka zuƙo da shi, duk abin da rariyar ta tare za ta mayar ne gaba ɗaya.

Inda babu irin wannan tsinke, waɗanda kuwa su ne mafi yawan asibitocin ƙasar nan, akwai abin da zai rage ɓarna ko da bai kawar da ita ba. A zuƙo da siririn tsinke, mai shuɗin gindi maimakon kore ko ruwan hoda. A ɗan bar kwalbar a tsaye bayan karyawa domin manyan gutsattsari su kwanta, a karkata ta kaɗan, kada bakin tsinke ya taɓa karyayyen wuya, kada kuma ya kai ƙasa yana kankarar gindi. A nan ƙanƙantar jariri ma taimako ce, gama abin da yake bukata ɗan kaɗan ne. Jariri mai kilo 3 da za a ba miligiram 15 na jentamaisin, in kwalbar mai miligiram 80 cikin mililita 2 ce, rabonsa bai kai rabin mililita ba, ba dalilin da zai sa a bi ɗigon ƙarshe. Kada kuma a manta da ruwan damawa. Magungunan gari irin su amfisilin suna zuwa a kwalba mai murfin roba, sai a ɗauka an tsira, alhali ruwan da za a dama su da shi daga ampul aka zuƙo shi.

Wannan ragowar da ke cikin kwalba ita ce ta haifi wata ɗabi'a wadda ta cancanci a yi mata magana da babbar murya. Allurar bitamin K da ake yi wa jariri ranar haihuwa domin hana zubar jini miligiram 1 ce, amma sau da yawa kwalbar da ke kasuwa mai miligiram 10 ce, rabon jarirai goma ke nan. Ma'aikaci mai tausayin aljihun iyaye sai ya ga zubar da tara asara ce, ya liƙe bakin da filasta ya jingine kwalbar a kan tire har wata haihuwar. Niyyar kyakkyawa ce, aikin kuwa mummuna. Ampul ba ta rufuwa bayan an karya ta. Ƙurar hunturu tana shiga, ƙwayoyin cuta suna shiga, gefen wuyan yana ci gaba da marmashewa, bitamin K kuma haske yana lalata shi. Jariri na biyu da na uku su ke biyan kuɗin wannan tattali.

Laifin kuwa ba na ma'aikacin ne shi kaɗai ba, domin abin da aka sayo masa da shi zai yi aiki. Ana yin jentamaisin na yara mai miligiram 20, ana yin bitamin K na jarirai a 'yar ƙaramar kwalba, ana yin ruwan damawa a kwalbar roba wadda ake murɗe kanta ba gilashin da zai fashe. Hukuma ta taɓa nuna cewa girman kwalba abin kula ne, sa'ad da NAFDAC ta hana jentamaisin mai miligiram 280 cikin 2010 saboda lahanin da yawansa ke yi wa kunne da ƙoda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda manufarsa kowace gunduma ta samu asibiti guda mai aiki sosai, Gangaren Tudu kuwa gunduma ce cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Keffi. Kwamitin ci gaban gunduma, wanda ke zama da shugaban asibitin unguwa a kan abin da za a saya, yana da damar tambaya: wace irin kwalba ake sayowa domin jarirai, kuma ko tsinke mai rariya yana cikin jerin kayan da ake nema daga Lafiya? Ba a bukatar a saya wa kowane majinyaci. Kwali ɗaya da aka keɓe wa ɗakin haihuwa zai daɗe bai ƙare ba. Makarantun koyon aikin jinya da na ungozoma su ma ya kamata su sa karya ampul cikin abin da ake jarraba ɗalibi a kansa da hannu, maimakon a bar shi ya koya daga wanda ya tarar a bakin aiki.

Ga iyaye kuwa, kada wannan bayani ya sa wani ya hana a yi wa ɗansa allura, a je neman gira a rasa ido. Jaririn da bai samu bitamin K ba yana iya zubar da jini ta cibiya, ko wurin da wanzami ya yi aiki ranar suna, ko cikin ƙwaƙwalwa inda ba mai gani, kuma wannan haɗari ne tabbatacce wanda ya fi na ɓarɓashi nesa ba kusa ba. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yake numfashi da sauri, jentamaisin na iya zama abin da ya tsaya tsakaninsa da kabari. Abin da ke hannun uba ko kaka shi ne su kai shi wurin da ya dace. Lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna bai ba shi ikon yin allura ba, balle ga jaririn da bai yi arba'in ba. A asibiti kuma ba rashin kunya ba ne kaka ta ce, cikin ladabi, “Malama, don Allah a fasa masa sabuwa,” in ta ga an nufi kwalbar da ke buɗe a kan tire.

Sauran abu guda shi ne inda fasasshiyar kwalbar take ƙarewa. Wurinta akwatin kwali mai kauri da ake jefa tsinken allura, kai da gindi duka, tare da ƙyallen da aka karya ta da shi, domin shi ma cike yake da ɓarɓashi. Wadda aka jefa kwandon shara takan ƙare a juji bayan gari, inda almajirai da yaran unguwa ke tonon gwangwani ba takalmi.